Titi Na Kowa Ne: Fashin Baƙi Kan Sufurin Birni Da Aƙidar Taka Wa Bunƙasa Birki

Duk birnin da gosulo ya addaba, maganin farko da ke fitowa daga bakin kowa, tun daga magajin gari har direban tasi, shi ne a faɗaɗa titi, a ƙara layi, a ɗaga gadar sama. Kuma magana ce mai shiga kunne, ai in hanya ta yi wa motoci kaɗan sai a ƙara mata faɗi. To amma fa an gwada wannan maganin ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma abin da ake girba kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A birnin Houston na Amurka akwai wani makeken titi da ake kira Katy Freeway, a 2008 aka gama faɗaɗa shi a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.8, har a wasu wuraren ya kai layi 26 in ka haɗa da ƙananan hanyoyin da ke gefensa. An ɗan samu sarari na 'yan shekaru, sai ga shi tsakanin 2011 da 2014 lokacin da mutum ke ɓatawa a kansa ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari da safe, da yamma kuma kusan kashi 55.

Ba wani siddabaru ba ne. Da hanya ta buɗe, mutumin da a da yake hawa bas sai ya fito da motarsa, wanda yake sammako don gudun cunkoso sai ya koma fita lokacin da kowa ke fita, masu gina gidaje kuma su ga ai yanzu bayan gari ya zama kusa, sai su je can su zuba rukunin gidaje inda babu makaranta babu kasuwa babu asibiti, duk wanda ya tare a can dole sai da mota. Wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi diddigin biranen Amurka suka fitar da sakamako a 2011 cewa in aka ƙara tsawon layukan manyan tituna da kashi 10, to tafiyar motoci ma da kusan kashi 10 take ƙaruwa. Wato titin da kansa yake haifo motocin da za su cika shi. Kuma akasin haka ma yana faruwa, a Seoul ta Koriya ta Kudu a 2003 aka rushe wata doguwar gadar sama da ta ratsa tsakiyar gari, aka tono rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, aka buɗe shi a 2005, a tsakanin nan kuma aka yi wa tsarin bas ɗin birnin garambawul. Mutane da yawa sun yi tsammanin gari zai tsaya cak, bai tsaya ba.

Daga nan ne masu aƙidar taka wa bunƙasa birki suke ɗauko zaren maganarsu. Tunanin ya samo asali tun farkon shekarun 1970, wajen masana irin su André Gorz a Faransa da Nicholas Georgescu-Roegen, sannan a 2008 aka yi babban taronsu na duniya na farko a birnin Paris. Abin da suke cewa a taƙaice, duniya tana da iyaka, ƙarfe da mai da ƙasa da iska duk suna da iyaka, saboda haka tsarin da ya ce dole bana a ƙera fiye da bara, baɗi a sayar fiye da bana har abada, ba mai ɗorewa ba ne. Ƙasashen da suka riga suka ƙoshi ya kamata su rage yawan makamashi da kayan da suke cinyewa, da gangan, cikin tsari, ta yadda rayuwar talaka za ta gyaru maimakon ta taɓarɓare. Mutane na yawan ɗauka kira ne zuwa ga talauci, alhali ba haka ba ne, karayar tattalin arziki daban, wannan daban. Kuma in ka duba yadda ake auna ci gaba da ma'aunin GDP, wato jimillar kuɗin kaya da ayyukan da ƙasa ta samar a shekara, za ka gane inda suka dosa: man da aka ƙona a tsaye cikin gosulo ana lissafa shi a matsayin ci gaba, kuɗin gyaran motar da ta yi hatsari ci gaba ne, kuɗin asibitin wanda aka kaɗe ma ya shiga lissafi, amma yarinyar da ta taka da ƙafarta ta je makaranta lafiya ta dawo lafiya ba ta ƙara ko ɗigo a wannan ma'aunin ba. Wallahi duk ma'aunin da bai ga wannan yarinyar ba, bai kamata a ce shi ke tsara mana birane ba.

Tambayar da suka canza ita ce ta fi komai muhimmanci a wurina. Injiniyoyin hanya sun saba tambayar mota nawa za ta wuce a awa ɗaya kuma da wane gudu. Su kuma suka ce a'a, ba don ya yi gudu mutum ke fita daga gida ba, yana fita ne don ya isa wurin aiki, ya kai mara lafiya asibiti, ya yi sayayya, ya gaida 'yan'uwa. To tambayar ita ce mutum nawa ne ke iya isa inda suke buƙata cikin sauƙi, da kuɗin da ba zai karya su ba, ba tare da sun saka ransu a hatsari ba. Wani marubuci mai suna Ivan Illich ya yi wani lissafi a 1974 da har yau yake tsaya wa mutane a rai. Ya haɗa duk lokacin da ɗan Amurka ke bai wa motarsa a shekara, zaman da yake yi a cikinta, neman wurin fakin, da awoyin aikin da yake yi don ya biya kuɗinta da na mai da inshora da haraji, ya samu sama da awa 1,600, tafiyar da yake yi kuma mil 7,500. In ka raba, ƙasa da mil 5 ke nan a awa, kaɗan ya ɗara mai tafiya a ƙasa. Shi kuma Gorz cewa ya yi mota an ƙirƙiro ta ne a matsayin kayan alatu na 'yan tsiraru, daɗinta yana nan ne muddin sauran jama'a ba su da ita, ranar da kowa ya samu to kowa ya tsaya.

Yanzu bari mu zo kan fili, don a ganina nan ne zuciyar maganar adalci take. Fili a cikin birni kamar tabarma ɗaya ce a ɗaki cike da mutane, in mutum ɗaya ya miƙe ƙafa ya kishingiɗa, dole wasu su takure wasu ma su tsaya a tsaye. Masu tsara birane suna da ƙiyasin da suke yawan amfani da shi: layi ɗaya mai faɗin mita 3.5, in motocin gida ne a kai zai wuce da mutum kusan 2,000 a awa, in bas ne kusan 9,000, in kekuna ne kusan 14,000, in masu tafiya a ƙasa ne kusan 19,000. Ka ga ke nan abin hawan da ya fi kowanne cin fili shi ne ya fi kowanne ƙarancin ɗaukar mutane, kuma shi aka fi bai wa titi. Ƙari a kan haka motar gida tana yin kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarta ne a ajiye, a gida tana son wuri, a ofis tana son wuri, a kasuwa tana son wuri, kuma sau da yawa kyauta ake ba ta wannan wurin a gefen titin da kuɗin harajin kowa ya gina, har da harajin wanda ko keke ba shi da shi. In mai ƙaramar sana'a ya kafa teburi a wannan gefen titin sai a ce ya tare hanya a kore shi, amma in mota ta kwana uku a wurin ba mai cewa uffan. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, sabo ne kawai ya sa ba ma ganinsa.

Sannan su wa ke biyan diyyar? Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin ɗari na waɗannan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa. Ga kuma hayaƙi, wanda ba ya kisa nan take sai a hankali. A Landan wata yarinya 'yar shekara 9 da gidansu ke kusa da wani babban titi ta rasu a 2013 bayan fama da asma, a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatar iska a cikin abubuwan da suka yi ajalinta, karon farko ke nan da aka yi haka a Birtaniya. Kuma wa ke zama a bakin manyan tituna in ba wanda kuɗin hayarsa bai kai ya zauna a unguwa mai shiru ba? A Amurka bayan dokar gina manyan hanyoyi ta 1956, unguwannin baƙaƙen fata aka riƙa tsagawa da titi, Overtown a Miami, Rondo a Saint Paul, aka tashi dubban iyalai don mazauna bayan gari su riƙa shigowa aiki da sauri. A Nairobi a 2022 aka buɗe titin sama mai tsawon kusan kilomita 27 wanda sai ka biya za ka hau, a birnin da ɗimbin jama'arsa da ƙafa suke zuwa aiki, suna ƙasa suna rububin tsallaka titi, masu mota na wucewa ta samansu.

Akwai kuma wani rashin adalcin da ba a cika magana a kai ba. Yawancin tsarin bas da jirgin ƙasa an zana shi ne a kan tafiyar ma'aikaci namiji, daga gida zuwa tsakiyar gari da safe, da yamma ya dawo. Amma tafiyar mace, musamman mai ɗawainiyar gida, ba miƙaƙƙiya ba ce, ta ajiye yaro a makaranta, ta biya ta duba tsohuwa, ta tsaya sayayya, ta wuce wurin sana'arta, ga goyo ga kaya, kuma kowane hawa sai ta sake biya. Birnin Vienna na Ostiriya tun shekarun 1990 ya fara tambayar mata yadda suke zirga-zirga, abin da ya biyo baya kuwa ba wasu manyan ayyuka ba ne, faɗaɗa hanyar ƙafa, ƙara fitilu a lunguna, saka benci, ƙara wa danja lokaci don tsoho ya samu ya tsallaka. Mai keken guragu da makaho da mai ciki duk sun amfana.

To ai ga motar lantarki, wani zai ce, ba shi ke nan an huta ba? Gaskiya ta fi mai shan fetur, ba ta fitar da hayaƙi a titi, kuma in ka lissafa tun daga ƙera ta har ta mutu yawanci iskar da take ɗumama duniya da ita ba ta kai ta mai fetur ba. Sufuri shi ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin kabon da ke fitowa daga makamashi a duniya, kusan kashi uku cikin huɗu na wannan kuma daga titi ne, saboda haka ba abin rainawa ba ne. Amma motar lantarki faɗinta ɗaya da waccan, wurin fakin ɗaya, gosulo ɗaya, in ta kaɗe yaro ba sauƙi, hasali ma ta fi nauyi saboda batir, tayoyinta kuma suna ci suna tashin ƙura mai shiga huhu. Batirin ma daga wani wuri ake tono shi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa, inda ake samun masu haƙa da hannu har da yara a ramuka masu ruftawa, shi kuma litiyam wani babban kaso daga hamadar Atacama ta Chile ake samo shi, wurin da ruwa ya fi komai tsada ga mazauna. In aka ce motoci sama da biliyan ɗaya da ke duniya kowacce sai an musanya ta da mai batir, sannan a ƙara wasu, to an kwashe matsalar ne daga titin mai kuɗi an kai ta ƙauyen talaka.

Kuma akwai abin da masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da shi tun 1865 a kan kwal a Ingila: da injuna suka rage cin kwal, sai amfani da kwal ɗin ya ƙaru maimakon ya ragu, don ya yi araha kowa ya shiga. Haka ta faru da mota. Injin ya rage shan mai, sai kamfanoni suka ƙara wa motar girma. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya manyan jif-jif ne, kuma da a ce duk jif-jif ɗin da ke kan titunan duniya ƙasa ce da ita ce ta biyar a duniya wajen fitar da hayaƙi. Shi ya sa masu wannan aƙida ke cewa fasaha kaɗai ba za ta fitar da mu ba in ba a sa iyaka ba. Batirin jif ɗaya zai wadaci kekunan lantarki masu ɗimbin yawa, ko a haɗa kaɗan a tada bas. Birnin Shenzhen na Sin ya mayar da bas ɗinsa kusan 16,000 duka masu lantarki tun 2017, nan ne ya kamata ma'adinin ya fara tafiya.

Matakin farko a wurin masu wannan aƙida shi ne a rage buƙatar tafiyar ma baki ɗaya, a kawo makaranta da asibiti da kasuwa da wurin aiki kusa da inda mutane ke kwana. Wannan shi ne tunanin birnin minti 15, wato mutum ya isa buƙatunsa na yau da kullum cikin minti 15 a ƙasa ko a keke, da malamin jami'a Carlos Moreno ya fito da shi a 2016, wanda Anne Hidalgo ta ɗauka lokacin tana magajiyar garin Paris. Har rage kwanakin aiki ya shiga ciki, kamar gwajin kwana huɗu a mako da kamfanoni 61 suka yi a Birtaniya a 2022 ba tare da rage albashi ba. Sai dai akwai tarko a nan, duk unguwar da aka gyara ta yi shiru ta yi bishiyoyi, kuɗin haya sai ya tashi, talakan da aka ce don shi aka yi sai ya tattara ya koma can bayan gari inda ba bas. In ba a haɗa da gidajen gwamnati masu sauƙin haya da dokar hana tsauwala haya ba, to an gyara wa mai kuɗi unguwa ne kawai.

Sufurin jama'a kuwa ba sai ƙasa ta yi arziki ba. Curitiba a Birazil ta ware wa bas layinsa shi kaɗai tun 1974 zamanin magajin garinta Jaime Lerner, Bogota ta Kolombiya ta ɗauka ta faɗaɗa da TransMilenio a 2000, duk da cewa yau cunkoson da ke cikin bas ɗin ya zama abin kuka, wanda ke nuna ba a gina abu a juya masa baya. Wanda ya fi burge ni shi ne Medellin, shi ma a Kolombiya, a 2004 suka ja taragu masu rataye a igiya ta sama zuwa unguwannin talakawa da ke kan duwatsu suka haɗa su da jirgin ƙasa na gari, wato aka fara da waɗanda aka fi mantawa da su. Sai batun shiga kyauta. Tallinn ta Estoniya ta mayar da bas da taragu kyauta ga mazaunanta a 2013, Luxembourg ta yi wa ƙasar duka a 2020, Jamus kuma ta yi tikitin yuro 9 a wata na tsawon wata uku a 2022 aka sayar da kusan miliyan 52. Ga mara ƙarfi wannan babban sauƙi ne, tsoho ya ziyarci jikokinsa, mai neman aiki ya je intabiyu ba tare da tunanin kuɗin mota ba, kuma ko don wannan kaɗai ina goyon baya. Amma a faɗi gaskiya, bai fitar da masu mota daga motocinsu sosai ba, a Tallinn da yawa daga cikin sababbin fasinjojin masu tafiya a ƙasa ne a da. Mai mota ba tsadar tikiti ce ta hana shi hawa bas ba, abin da yake so shi ne bas ya zo a kan lokaci, akai-akai, da dare ma akwai, kuma kar ya maƙale a gosulo ɗaya da motarsa. Kuɗin yin hakan kuma akwai inda ake samowa, Faransa tun 1971 ta fara karɓar wani haraji daga masu ɗaukar ma'aikata don sufurin jama'a, tunda su ne ke cin moriyar ma'aikaci ya iso aiki.

Saboda haka dole sai an taɓa motar kanta, kuma a nan ne rigima take. Hanya ɗaya ita ce ta kuɗi. Landan ta sa harajin shiga tsakiyar gari a 2003, fam 5 a lokacin. Stockholm ta Siwidin ta gwada na wata bakwai a 2006, motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20, mutanen da yawancinsu ba sa so kafin gwajin suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama, ya zama doka a 2007. Singafo ta fi kowa tsanani, tun 1990 sai ka sayi takardar izinin mallakar mota ta shekara goma a gwanjo, daga 2018 kuma suka tsayar da ƙaruwar yawan motocin gida kwata-kwata, a 2023 kuɗin takardar kaɗai ya haura dalar Singafo 100,000. Yana aiki, ba musu. Amma ni abin da ke damuna da hanyar kuɗi shi ne mai hali ko a jikinsa, ya biya ya samu titi fayau, mai ƙaramin ƙarfi ne ake kora. In ba a mayar da kuɗin cikin bas da jirgin ƙasa a fili kowa na gani ba, an sayar wa attajiri da titi ne.

Faransa ta ɗanɗana wannan a Nuwamban 2018. Gwamnatin Macron ta ƙara harajin mai da sunan kare muhalli, a shekarar da ta soke harajin dukiya na attajirai ta bar shi a kan gidaje da filaye kawai. Mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa waɗanda aka riga aka rufe musu tashoshin jirgi, aka nisanta musu asibiti, ba su da wata hanya sai mota, suka saka riguna masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi, har gwamnati ta janye ƙarin. Ba ƙin muhalli suke ba, sun ga an fara yanka daga ƙasa ne an bar sama. Haka a Birazil a 2013 ƙarin santabo 20 a kuɗin bas ya fito da jama'a kan titi, a Chile a 2019 ƙarin peso 30 a jirgin ƙasa na Santiago ya girgiza ƙasar duka. Kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne a aljihun talaka, duk wanda zai taɓa shi ya fara samar da madadi tukuna, kuma ya fara ragewa daga mai jif uku da jirgin sama na kansa. Abin da Paris ta yi a Fabrairun 2024 ya fi kusa da daidai, aka kaɗa ƙuri'a aka ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motoci masu nauyi na masu shigowa daga waje, duk da cewa waɗanda suka fito zaɓen ba su da yawa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a karɓe filin kawai a raba, don doka ce da ta hau kan kowa daidai, ba a saye ta da kuɗi. Pontevedra, wani gari mai mutum kusan 80,000 a Sifaniya, daga 1999 magajin garinsu Miguel Anxo Fernández Lores ya hana motoci ratsa tsakiyar gari, ya cire fakin na gefen titi, ya rage gudu zuwa kilomita 30, amma motar asibiti da mai sauke kaya da mai kawo tsoho ko mara lafiya duk suna shiga. Daga 2011 garin ya yi shekaru a jere ba a kashe mutum ko ɗaya a titunansa ba. Holan ma da ake ganin kamar da keke aka haife su, ba haka suke ba, a 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunansu, sama da 400 yara ne, iyaye suka fito da gangamin a daina kashe yara, suka riƙa zama a tsakiyar titi, ga matsalar mai ta 1973 ta zo har aka hana tuƙi ranakun Lahadi, daga nan aka fara gina hanyoyin keke da gaske. Yau sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyensu a keke ne, har da tsofaffi har da ministoci. Japan kuma tun 1962 ta ce a birane ba za a yi wa motarka rajista ba sai ka nuna inda za ka ajiye ta wanda ba titin jama'a ba.

Saura ƙorafi mafi nauyi, kuma ƙorafi ne na gaskiya: waɗanda suka ƙona mai shekara ɗari suka yi arziki, yanzu su ne za su ce wa ƙasashe matalauta kar ku sayi mota? A Amurka akwai abin hawa sama da 800 ga kowane mutum 1,000, a ƙasashe da dama na Afirka bai kai 50 ba. Ba wanda ke da bakin ce wa na biyun ya rage, kuma masu aƙidar da suka san abin da suke yi ba su ce haka ba, ragewar ta waɗanda suka wuce gona da iri ce. Matar da ke tafiyar awa biyu a ƙasa cikin rana saboda ba ta da kuɗin mota, ƙarin sufuri take buƙata, bas mai kyau, hanyar ƙafa mai inuwa, motar asibiti da za ta zo in an kira. Abin da ake cewa shi ne birnin da yawancin mutanensa ba su da mota tukuna yana da damar da Houston ta riga ta rasa, kar ya ciwo bashi ya gina wa 'yan tsiraru gadar sama, sannan bayan shekara talatin ya sake ciwo wani bashin ya rushe ta.

Kuma a irin waɗannan biranen waɗanda ke ɗauke da jama'a a zahiri su ne masu ƙananan bas da babura da kekuna masu ƙafa uku, waɗanda hukuma ke yawan kallo a matsayin ƙazanta da za a share. Jakarta ta Indonusiya ta ƙwace dubban kekunan haya a shekarun 1980 ta zuba su a teku. A Filifins shirin 2017 na sauya tsofaffin motocin haya da ake kira jifni ya jawo yajin aiki iri-iri, saboda sabuwar motar da aka ce direba ya saya kuɗinta ya ninka na tsohuwar sau da yawa. E, motocin suna hayaƙi, wasu direbobin suna ganganci, amma bayan kowace mota akwai gida da ke ci daga gare ta, kuma su suka san lungun da fasinja yake. Akwai inda aka bi ta wata hanyar. Da birnin Meziko ya buɗe layin Metrobús na farko a 2005, masu ƙananan bas da ke bin wannan titin aka haɗa suka kafa kamfanin da ke gudanar da yawancin sababbin bas ɗin. A Johannesburg ma da aka fara tsarin bas na Rea Vaya a 2009, bayan doguwar tattaunawa mai zafi wadda har rikici ya shiga, masu tasi ɗin da layin ya shafa ne suka ajiye motocinsu suka zama masu hannun jari a kamfanin da ya karɓi tafiyar da bas ɗin a 2011, direbobi da yawa kuma suka koma aiki mai albashi da awoyi sanannu. Wannan tambaya ta makomar abin yin mutane tana jiran ma'aikatan kamfanonin ƙera motoci da makanikai da masu gidajen mai a duk ƙasar da ta yi niyyar rage motoci da gaske, kuma tun kafin a rufe layi ɗaya na titi ya kamata a zauna da su a san wane aiki za su koma, wa zai biya kuɗin koyon, da kuma abin da za su ci a tsakani.